Tandar Iya Tabawa a Akwatin Baya

Tun ranar da na dawo Tudun Wada ban huta da tambaya ba. Wadda ta zo duba ni sai ta fara da "Sannu Bilkisu, ya ƙafar?", kafin in amsa ta ɗora da "Wai da gaske a babur kika je Damagaram?" Jiya ma Zainab ta tare ni a bakin shagon ɗinki ta ce sai na rantse. To, na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na zo wurin faɗuwar sai muryata ta kama rawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, a bar ni in sha iska.

Da farko ku sani ni ba jaruma ba ce. Ni ce wadda ke tsayawa rabin awa a bakin titi tana jiran keke don kar ta hau acaɓa. Abin da ya ɗora ni a kan babur riga ce. Ramatu, 'yar Gwaggo Hajara ta Damagaram, ita ce amarya, kuma tun ina koyon ɗinki ta ce ba mai ɗinka mata kayan kamu sai ni. Leshi ne ruwan zuma, da aikin duwatsu a wuya da hannu, sati uku ina jera su ɗaya bayan ɗaya. Wutar lantarki ta yi ta mana wasa, ranar da Umma da sauran dangi suka cika mota suka tafi, hannun hagu ko fara shi ban yi ba. Da na gama, saura kwana biyar kamu, kuma ba wanda ya rage mai tafiya sai Yaya Sanusi, shi kuwa ya riga ya ce da babur zai je. Baba ya ce ba zan ƙetare iyaka ni kaɗai a motar haya ba.

"Ga yayanki nan. Ko ki bi shi, ko ki ba shi rigar."

In ba shi rigar? In ta yi mata yawa a ƙugu, da injin walda zai rage? Na ce zan bi shi.

Yaya Sanusi mai walda ne, kuma ba shi da wata hira sai ta babbar tafiya a babur. Da ya tabbata da ni za a je, sai ya ce kayan ɗaukar da yake da su ba za su isa mutum biyu ba, ya ja ni Sabon Gari wurin wani Oga Emeka mai sayar da kayan babura na gwanjo, wanda Hausarsa ta fi tawa karin magana. Oga ya fara fito da jakunkunan tamfol da ake ratayawa gefe da gefe. Ya ce ba nauyi, ba tsada, in an faɗi ba sa lotsawa. Yaya ya shafa ɗaya ya ce, "Reza ɗaya ta ishe ta, kuma ruwan sama bai gama ba." Aka sauko da akwatunan alminiyon guda biyu masu makulli, ɗaya da lotsawa a kusurwa. Na ce wannan ai ya sha wuya. Oga ya ce, "Ƙanwata, wannan lotsawar takardar shaida ce. Ya faɗi bai fashe ba. Sabo fa ba wanda ya san halinsa."

Sai akwatin baya, wanda ake ɗorawa bayan mai zama a baya. Ni na nuna mafi girma, wanda zan iya shiga ciki in rufe. Yaya ya ce a'a. "Babban akwati kwaɗayi gare shi, in kin ga wuri sai kin cika." Oga ya sa na hau babur ɗin a tsaye, aka yi ta gwada mini har aka samu matsakaici na roba mai matashi, wanda bayana ya zauna a kai daidai.

Kwana ɗaya Yaya ya yi yana waldar ƙarfen da zai riƙe su. Ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin akwatin dama da salansa, ya sa faranti a tsakani saboda zafi. Da yamma ya aro sikelin mai kaji ya rataye a zaure, ya kira ni karatu. Mai nauyi a ƙasa, a gefe. Hagu da dama su yi daidai, in ɗaya ya rinjayi ɗaya babur zai riƙa ja. Hagu ya zuba sifanu da kayan faci da kayan sawarsa. Dama, gefen salansa, sai abin da zafi ba zai ɓata ba: busasshiyar citta da barkono, tsarabar Gwaggo. Akwatin baya kuwa, ya ce, shi ne mafi tsawo kuma mafi nisa daga tsakiyar babur, kilo ɗaya a can kamar uku ne a ƙasa.

"Rigar amarya da kayanki kawai. Nan ne ba zafi, ba ruwa." Ya miƙo mini makullin. "Kayan mata ne, ba ruwana da buɗewa."

Kun san yadda unguwa take. Kafin magariba labari ya kai Gyallesu cewa 'ya'yan Malam za su Damagaram. Yaya ya tsaya a ƙofar gida kamar soja yana mayar da masu saƙo da haƙuri. Amma Iya Tabawa ba ta biyo ta hannunsa ba. Iya Tabawa ita ta yi wa Umma wankan jego lokacin da aka haife ni, kuma 'yarta Anti Saude tana aure a Damagaram. Da asuba, Yaya na masallaci, sai ga ta ta shigo tana haki, da ƙunshi a cikin wani tsohon bargo mai kauri.

"'Yar nan, ɗan saƙo ne ki miƙa wa Saude. Ba nauyi."

Na karɓa da hannu biyu, saura kaɗan in durƙusa. Tandar waina ce ta ƙarfe, mai gida bakwai. Ta ce ta uwarta ce, Saude ta daɗe tana roƙo.

Ku gaya mini, wace ce a cikinku za ta dubi matar da ta fara yi mata wanka a duniya ta ce mata sikeli bai yarda ba? Na ce, "To Iya, in sha Allahu." Tana fita na buɗe akwatin baya. Tanda ba ta shiga da bargonta, kuma ba ta shiga sai an fitar da riga. Makullan gefe na rataye a ƙusa. Na warware bargon na naɗe rigar a ciki, na buɗe akwatin dama na cusa ta can lungu, ta jikin babur, inda kawai ya rage wuri. Na kwantar da tanda a akwatin baya, na lulluɓe ta da zannuwana, na kulle. Ko da Yaya ya dawo ina zaune ina shan koko kamar waliyyiya.

Ya sa na saka wando a ƙarƙashin abaya, ya sa na cusa jelar hijabina cikin riga don kar taya ta ja, ya kife mini hular kwano. Baba ya yi mana addu'a. Muka tashi.

Ba mu wuce Kwangila ba Yaya ya fara magana shi kaɗai. In ya ƙara wuta sai kan babur ya riƙa karkaɗawa kaɗan-kaɗan, kamar tsoho na cewa a'a. Ni dai idona a rufe yake, ina riƙe da rigarsa ina karanta duk abin da na haddace tun Islamiyya, har da addu'ar cin abinci. A Kwanar Dangora ya tsaya wurin mai faci aka auna iska. Lafiya lau. A Kano ya sake tsayawa wani bakanike ya duba notin gaba, ya girgiza taya, ya ce, "Maigida, babur ɗinka ƙalau yake, ko dai Hajiya ce ke motsi?" Yaya ya waiwayo ya ce, "Bilki, ki daina motsi." Na ce to. Ni da ko numfashi kaɗan-kaɗan nake yi.

Bayan Kazaure hadari ya taso, ruwa ya tsuge mana kafin mu samu rumfa. Mu muka jiƙe sharkaf, amma da Yaya ya buɗe akwatin hagu ko ɗigo babu. Ya yi ta shafa shi yana sa wa Oga Emeka albarka. Ya ce in duba rigar. Na ɗan ɗaga murfin baya yadda shi ba zai gani ba, na leƙa tanda, na ce, "Lafiyarta lau."

A Daura muka kwana, gidan mahaifiyar wani abokinsa, Hajiya Uwale. Yaya ya cire na gefe ya shiga da su, ya miƙa hannu zai cire na baya na ce, "Bar shi Yaya, kayana ne." Na rungumo shi ina tafiya ina murmushi, jijiyar wuyana kamar za ta tsinke. Hajiya Uwale ta bi ni da ido har ɗaki.

"Ke kuwa 'yata, zinariya kika ɗauko wa amaryar?"

Na ce leshin ne mai duwatsu. Ta ce, "Lallai duwatsu." Sai ta kawo mini tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da fura mai yaji wadda ban taɓa shan irinta a Zariya ba, ta zauna tana ba ni labarin yadda aka kai ta ɗakin miji a kan keke. Sau biyu na buɗe baki zan gaya mata gaskiya, sau biyu na cika shi da tuwo.

Da hantsi muka isa iyaka a Kongolam. Ni da na zaci zan ga katanga da ƙofa, sai na ga sanda a gicciye da rumfuna da masu canji suna kiran mutane. Aka duba takardunmu a ɓangarenmu, muka gangara ɓangarensu. Wani jami'i dogo siriri ya gaishe mu da Hausa mai daɗi, yana jan ta a hankali kamar ba ya son ta ƙare, sannan ya juya ya yi wa abokin aikinsa Faransanci kamar an kunna rediyo. Ya ce a buɗe kaya. Na matsa kusa da akwatin baya. Yaya ya buɗe hagu, ya buɗe dama. Jami'in ya sunkuya ya kwance bakin ledar barkono, ya shaƙa. Atishawa bakwai na ƙirga. Abokan aikinsa suna dariya suna ce masa "Alhamdu lillahi mana!" Ya ɗaga hannu yana hawaye ya ce a rufe. Ya nuna na baya, Yaya ya ce, "Kayan ƙanwata ne." Ya ce, "A'a, mu ma muna da ƙanne. Allah ya kiyaye hanya."

Amma Yaya ya ga gefen bargon. Yana kullewa ya ce, "Wannan fa?" Na ce, "Na sanyi ne." Ya dubi rana, ya dube ni, ya hau babur.

A Matamaye muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawon da tauri, ana tsaga shi a zuba nama da albasa. Wani mai shayi ya zuba mana shayi a wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye na miƙe, ya ce, "Ina za ki? Wannan na fari ne, saura biyu." Ashe a can shayi hawa uku ne, kuma tashi bayan na fari kamar ka bar mutum da hannu a miƙe ne. Na uku kam zaƙi har kunne. 'Yan acaɓa kuma, da a can ake ce wa 'yan kabu-kabu, suka kewaye babur ɗinmu suna ƙwanƙwasa akwatunan suna tambayar Yaya ko shi ya ƙera. Bakinsa har kunne.

To, ga inda muryata ke rawa.

Mun bar Matamaye da kamar rabin awa sai muka tarar ruwa ya cinye wani yanki na kwalta, motoci suna sauka gefe su bi ta cikin yashi su hau gaba. Yaya ya rage wuta ya ce, "Riƙe ni, kar ki sauke ƙafa." Muna cikin yashin sai ga amalanken jaki ya ɓullo daga bayan wata bishiya. Yaya ya ɗan kauce, kaucewar da ko yaro a keke zai yi ya wuce. Sai na ji bayan babur ya tafi gefe guda kamar wani ya ja mu da igiya, kan ya karkaɗa hagu, ya karkaɗa dama, Yaya ya ce "Innalillahi", sai ƙasa ta taso ta same ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Abin da na sani, ƙafata ta dama tana ƙarƙashin babur, amma babur ɗin bai taɓa ta ba. Akwatin alminiyon ne ya tokare shi, ya bar mini rami kamar an auna. Da jakar tamfol ce, da yanzu da sanda nake zuwa shago. Ina kwance ina kallon sama sai na ji wani sauti, ƙwalam, ƙwalam, ƙwalam. Na juya kai. Akwatin baya ya ɓalle ya buɗe, zannuwana a warwatse, tandar Iya Tabawa kuwa ta miƙe a kan gefenta tana gangarawa kamar taya, ta bi ta tsakanin ƙafafun jaki, ta je ta kwanta a gindin bishiya.

Yaya ya ɗaga babur ya jawo ni. Ya taɓa ƙafata, ya sa na motsa yatsu, ya cire mini hula ya dubi idona. Gwiwar hannunsa na jini. Sai ga dattijon mai amalanke ya iso da tanda a rungume.

"Sannunku bayin Allah. Wannan taku ce?"

Yaya ya dubi tanda. Ya dubi akwatin da ke buɗe. Ya ɗauki zannuwan ɗaya bayan ɗaya yana kakkaɓewa. Sannan a hankali ya ce, "Bilki, ina rigar?"

Na nuna akwatin dama. A daidai lokacin ƙauri ya iso hancinmu. Faɗuwar ta lanƙwasa ƙarfen, farantin ya fita, akwatin ya manne da salansa mai zafi. Yaya ya cire rigarsa ya naɗe hannu ya fizge akwatin, ya juye masa ruwan gorarmu, ya yi cuu. Murfin ya lotse ya ƙi buɗuwa. Hayaƙi siriri na fita ta gefe, hayaƙin barkono, mu uku har da jaki muka kama tari. Ni ina tari ina kuka ina cewa sati uku, sati uku, Ramatu za ta fita kamu da me.

Dattijon, Malam Ila sunansa, ya ce akwai maƙeri a ƙauyensu nan kusa. Aka ɗora ni a amalanke da akwati a cinya da tanda a gefe, Yaya na biye da mu a hankali. Wannan tafiyar ta fi mini daga Zariya zuwa iyaka tsawo. Malam Ila yana ta ba ni baki: "Yi shiru ɗiyata. Ƙafa ba a ɗinka ta, riga ana ɗinkawa."

Maƙerin ya juya akwatin ya ce ba zai sa guduma ba, tunda akwai tufa a ciki. Ya cire ƙusoshin maratayin murfin ɗaya bayan ɗaya, rabin ƙauyen na tsaye a kanmu. Murfi ya tashi, kowa ya ja baya yana atishawa. Ledar barkono ta narke. Na jawo bargon. Gefensa ya ƙone ƙurmus, rami kamar faɗin faranti. Na warware ninki na farko, a ƙone. Na biyu, ya yi baƙi. Na uku, ruwan ƙasa. Na huɗu lafiya lau. Na ɗaga rigar a rana, duwatsun suka ɗauki ido, ko ɗaya bai faɗi ba. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, kai ka ce ni ce amaryar. Na zauna a ƙasa daɓas.

Yaya ya ɗaga bargon yana leƙena ta cikin ramin. "Na sanyi ne ko?" Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har yana riƙe ciki. Da ya nutsu ya ce, "Tun Kwangila nake zagin babur ɗina, ashe waina na goyo." Na ce Iya Tabawa ce, ban iya ce mata a'a ba. Ya ce, "Wa ya ce ki ce mata a'a? Ni ma ba zan iya ba. Da kin gaya mini, da na sa ta a ƙasan akwatin hagu na mayar da sifanu dama. Minti biyar." Wannan maganar ta fi faɗuwar yi mini ciwo.

Haka kuwa aka yi. Maƙerin ya miƙar da ƙarfen, aka ɗaure akwatin baya da igiyar roba, riga ta koma wurinta, tanda ta sauka ƙasa. Daga nan har Damagaram babur ɗin ko gezau.

Ramatu ta sa rigar ta yi atishawa uku kafin ta kai madubi. Gwaggo ta ce wannan ƙaramin aiki ne. A can mata ba sa wasa da turaren wuta, kowane ɗaki da kaskonsa. Washegari aka kife kabbasa, kwandon turara kaya, a kan kasko, aka shimfiɗa rigar a kai, ana canza turare tun azahar har la'asar. Na rage ƙugun da yatsa biyu, kun ga da na ba Yaya ita da an ji kunya. Ranar kamu mata suna ta tambaya wane tela ne, Ramatu na nuna ni ina ɗingishi. Wainar da aka ci da safe kuwa, Anti Saude ce ta soya a tandar uwarta. Na ba ta haƙurin bargon, ta ce dama tun tana yarinya take neman wanda zai ƙona shi.

Dawowa a mota na dawo, kusa da Umma, kuma duk babur ɗin da ya wuce mu sai na runtse ido. Har yau in na ji ƙarar faranti ya faɗi a tsakar gida sai gabana ya yanke. Iya Tabawa ta zo duba ni da ƙwai biyar, tana cewa, "Oh ni, ɗan saƙon nan da ba nauyi?"

Shekaranjiya Yaya ya gama gyaran ƙarfen akwatin baya. Ya shigo har ɗakin Umma ya ajiye makullin a kan keken ɗinkina. Na ce me zan yi da shi, ni da babur ai sai a lahira. Ya ce in Allah ya kawo suna a gidan Ramatu, wa zai ɗinka kayan fitar suna, kuma wa zai gama su a kan lokaci? Umma ta yi dariya. Na ce to in na sake cusa wani abu fa?

Ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi.

"Kayan mata ne, har gobe ba zan buɗe ba," in ji shi. "Amma zan ɗaga in ji nauyi."

Makullin na nan cikin gwangwanin allurai. Ban mayar masa ba.